Injin Sassaƙa A Zauren Kafinta

Duk wanda ya leƙa ɗakin amarya a nan Tudun Wada, ko Kiru, ko Bebeji, a cikin 'yan shekarun nan, lalle zai lura da wani abu. Kan gadon da ƙofofin sif ɗin duk sun sha ado, ga furanni ga ganyaye an nutsa su cikin katako, na dama daidai da na hagu, babu wanda ya ɗara wani ko da ƙwayar gero. Sai ka ji mata suna shafawa suna cewa, kai, wannan kafinta Allah Ya ba shi hannu. To, jama'a, ba hannu ba ne. Inji ne ya yi, kuma kwamfuta ce take tuƙa shi. Kafintocin birni suna kiransa Si-En-Si.

Wannan al'amari ya shafi garinmu ƙwarai da gaske. Kowa ya sani a ƙasar Hausa uban yarinya ne yake yin kayan ɗaki. A da, in biki ya matso, sai ya tafi wurin kafintan unguwa su yi ciniki, ya ba da kafin alƙalami, kuɗin kuwa ya tsaya a cikin gari. Mai katako ya samu, mai fenti ya samu, yaran shago su ma su sami na sabulu. Yanzu kuwa da an sayar da shinkafa ko masara sai a hau mota a bi ta Kwanar Ɗangora a nufi Kano, a ɗoro gado a akori-kura a dawo da shi. An bar wa kafintocinmu benci da teburin mai shayi da rufin kwano da gyaran ƙafar kujera. Ba kuwa don aikinsu ba shi da ƙarko ba ne. Amarya ce ta ga na ƙawarta, ta ce ita ma mai fure take so.

Kawuna kafinta ne, a zauren gida yake aikinsa, nakan kuma taya shi ran Asabar da lokacin hutu. Saboda haka na sha jin gardamar da ake yi a kan injin nan. Samari suna cewa a sayar da shanun huɗa, ko a jinginar da gona, a sayo shi a kafa a zaure, a huta da takaici. Dattawa kuwa suna cewa wannan ba sana'a ba ce, lalaci ne, kuma ranar da ya shigo gari ranar ce za a binne zarto da guduma. Ni dai a ganina duka ɓangarorin biyu sun yi sauri. Injin yana da kyau, ya kuma kamata a ce akwai shi a Tudun Wada. Amma ba a zauren mutum ɗaya ba, ba kuma tun kafin mu sami yaran da za su iya yi masa zane ba.

Bari in fara bayyana yadda yake, don da yawa daga cikinmu labarinsa kawai suke ji. Na gan shi yana aiki a wani shago a Kano. Wani faffaɗan tebur ne na ƙarfe, a kansa akwai wata gada da take tafiya gaba da baya. A jikin gadar an rataye kan injin, shi kuma yana zuwa dama da hagu, yana hawa yana sauka. A bakinsa ake ɗaura haƙorin da yake cin katakon, wani ɗan ƙarfe mai kaifi wanda bai fi yatsa ba, amma yana juyawa sau 18,000 ko ma 24,000 a cikin minti guda. Mai aikin zai zana abin da yake so a kwamfuta tukuna. Sa'an nan ya gaya mata kaurin katakon, da irin haƙorin da ya ɗaura, da zurfin da za a ci a kowane zagaye, da saurin tafiya. Ita kuma sai ta mai da zanen ya zama dogon jerin lambobi: je wuri kaza, nutsa milimita kaza, juya nan, ɗago. Injin ba abin da ya sani sai bin lambobin nan ɗaya bayan ɗaya. Ba ya gani, ba ya ji. In aka ce masa ya ratsa ta kan ƙusa, zai ratsa, haƙorin ya karye.

Ba jiya aka ƙago dabarar ba. Wani Ba'amurke mai suna John Parsons, wanda yake ƙera fukafukan jirgi mai saukar ungulu a jihar Mishigan, shi ya fara tunanin sarrafa injin yanka ƙarfe da lambobi wajen ƙarshen shekarun 1940. A 1952 masana a babbar makarantar fasaha ta MIT suka nuna injin da yake karanta umarni daga wata doguwar takarda mai huji-huji. Shekaru da yawa abin na manyan masana'antu ne kaɗai, saboda tsada. Sai a 1996 wani malamin jami'a, Ted Hall, wanda yake sha'awar haɗa ƙananan jiragen ruwa na katako a gidansa, ya fara sayar da wani mai sauƙin kuɗi da ya sa wa suna ShopBot. Daga nan ƙananan kafintoci suka samu shiga. Yawancin waɗanda ake kawowa ƙasashenmu yanzu daga Sin suke, musamman daga birnin Jinan. Wanda masu yin gado suka fi so shi ne ake ce wa 1325, watau faɗinsa milimita 1,300, tsawonsa 2,500, don ya ɗauki allon filawud mai ƙafa huɗu da ƙafa takwas gaba ɗayansa. Akwai kuma ɗan ƙarami da ake ce wa 3018, santimita 30 da 18 ke nan, wanda za a iya ɗora shi a kan teburin malami. Wannan ba ya yin gado, sai dai allon suna da 'yan ƙananan abubuwa, amma ya isa koyo.

To, yanzu mu ɗauko babban mu kai shi zauren kawuna, mu gani. Da fari ma ba zai shiga ta ƙofa ba, sai an rushe bango. In ya shiga, dole a yi masa daɓen siminti shimfiɗaɗɗe, don in ya karkata aikin ma zai karkata. Sai maganar wuta. Kowa ya san halin da muke ciki da lantarki a ƙauyuka da ƙananan garuruwa. Kafinta mai zarto in an ɗauke wuta ko a jikinsa. Shi kuwa injin in aka ɗauke yana tsakiyar fure, sau da yawa sai an sha wahala kafin a mai da shi daidai inda ya tsaya, in kuwa aka kuskure da kaurin gashi, allon ya tashi daga aiki. Ke nan sai janareto, kuma ba irin ƙaramin nan na cajin waya ba. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur, kowa ya san abin da ake nufi da kunna janareto tun safe har la'asar. Kuɗin injin kansa miliyoyin naira ne, da dala ake lissafinsa, haƙoransa kuma suna dakushewa suna karyewa, ba kuwa a kasuwar garinmu ake samunsu ba.

Akwai wani abu da samari ba sa ambata, shi ne ƙura. Zarto yana zubar da ɓawo mai nauyi, a share a ba mata su hura wuta. Injin nan kuwa gari yake fitarwa, laushi kamar na tuwo, ya tashi ya cika iska. Tun 1995 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da suke jawo wa mutum sankara, musamman ta hanci. Allunan nan da ake yin kan gado da su kuwa, yawanci ba tsagwaron itace ba ne, garin katako ne aka cuɗa da gam aka matse, ƙurarsu ta fi muni. Ku tuna fa zaure ba masana'anta ba ce. Ta nan ake shiga gida, nan yara suke wasa, nan ake ajiye kwanon abincin baƙo, bayan bangon kuma wataƙila akwai mai jego ko tsohuwa mai tari. Ga ƙara kamar ta injin niƙa, sa'o'i a jere. Wanda ya ga hoton Bature da injinsa a gida ya ce mu ma mu yi haka, ya manta shi a ɗakin ajiye mota yake aikinsa, shi kaɗai, da wata na'ura da take zuƙe ƙurar, da abin toshe kunne.

Lissafin ciniki ma bai goyi bayan mutum ɗaya ba. Abin da kafinta guda yake samu na gado a shekara bai kai ya cika cikin injin ba. Aikin da zai ba shi na wata guda, cikin 'yan kwanaki zai gama, sauran kwanakin ya zauna yana shan ƙura, bashin da aka ciwo kuwa ba ya hutu. Aure ma a wurinmu lokaci gare shi, bayan kaka ne ake yawan yi. Da damina wa zai kawo aiki?

Wannan ke nan game da samari. Dattawa kuwa, da girmamawa nake cewa tsoronsu ya wuce wuri. Na tsaya na kalli abin da injin yake yi, na kuma kalli abin da ba ya yi. Ba ya zuwa 'Yan Katako a Na'ibawa ya zaɓi falanki. Bai san ɗanyen katako da busasshe ba, alhali kuwa ɗanye in aka sassaƙa shi yau, da hunturu ya shigo sai ya tsage ko ya bauɗe. Ba ya haɗa gado ya tsaya da ƙafafunsa. Ba ya goge aiki da samfefa, ba ya fenti, ba ya zuwa gidan amarya ya auna ɗaki. Abin da yake fitowa daga kansa allo ne mai zane kawai, sauran aikin duk na kafinta ne. Wanda bai taɓa riƙe cizal ba ma ba zai gane dalilin da ya sa gefen furensa yake tsattsagewa ba, don bai san itace yana da hanyar da yake bi ba, wadda in ka saɓa mata sai ya yi maka gardama. Masassaƙan gargajiya kuwa, masu turmi da taɓarya da akushi da ƙotar fartanya da kujerar tsakar gida, su babu ruwansu da shi. Irin wannan injin a kan shimfiɗaɗɗen abu yake aiki. Ba a ɗora masa gungumen ƙirya a ce ya rarake turmi. Wannan har gobe aikin gizago ne.

Abin da ya fi damuna ba shi ne ɗayan waɗannan ba. Ku koma ɗakin amaryar nan ku dubi zanen da kyau. Furen wace ƙasa ne? Za ku ga ganyen inabi, da kambin sarakunan Turai, da wasu furanni da ba wanda ya taɓa ganinsu a dajinmu. Dalili kuwa shi ne masu injin ba su suke zanawa ba. Ana sayar musu da injin tare da tulin zane-zanen da aka riga aka yi, ko su kwaso a intanet, su danna, shi ke nan. Saboda haka gadon da ke Tudun Wada shi ne a Legas, shi ne a Alƙahira. Mu da muke da dagi! Mu da magina suka ƙawata mana bangon soraye a Kano da Zariya da Katsina da zanen da baƙi suke zuwa daga nesa su ɗauki hotonsa. Ga aska takwas da aska biyu a gaban babbar riga, ga zanen hula, ga na ƙwarya da faifai da tabarma, ga zayyanar da ake yi wa allon mai sauka, ga adon da dukawa suke yi a jikin fata. Yawancin waɗannan layuka ne da kusurwoyi da da'ira da saƙa mai shiga juna, watau ainihin irin abin da kwamfuta ta fi iya zanawa, injin kuma ya fi iya yankawa. Wanda ya iya lissafin kusurwa da muke yi a aji, ya iya riƙe kamfas da rula, rabin aikin ya riga ya sani.

Ina ganin a nan ne kafintan Tudun Wada zai iya tsere wa na birni. In ya ce zai yi gasa da shi a furen Turai, ya makara, don na birni ya fi shi jari, ya fi shi kusa da katako. Amma ƙofa mai dagi, ko kan gado mai zanen ƙwaryar kakar amarya, da sunan amaryar a rubuce da boko ko da ajami, wannan ba a kwaso shi a intanet. Sai an sami wanda ya san zanen, ya kuma san kwamfuta. Kuma sai mai hankali, don kuskure ɗaya a kwamfuta kuskure ɗari ne a katako. In aka bar ɗigo ɗaya a rubutun Larabci, injin zai yi ta maimaita shi a kowane allo ba tare da ya ji kunya ba.

Maganar itace ma tana nan. Muna maƙwabtaka da dajin Falgore, wanda ya ratsa ƙasar Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, tun zamanin Turawa aka keɓe shi. Duk wanda yake bin hanyar Jos yana ganin buhunan gawayi da lodin itace a bakin titi. Maɗaci da ƙirya da marke shekaru masu yawa suke yi kafin su isa sara. Mun kuma ga abin da ya sami madobiya, wadda aka yi ta kwasa daga Nijeriya ana kaiwa Sin, har a 2016 taron ƙasashen duniya a Johannasbag ya sa ta cikin itatuwan da ba a cinikinsu tsakanin ƙasashe sai da izini, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga ƙasar nan. Injin da yake gama aikin mako a yini ɗaya cikinsa ma ya fi na zarto girma. Sai dai kuma yana da wani alheri: kwamfuta tana iya jera gutsattsarin aiki a kan allo ɗaya ta yadda ɓarna za ta ragu, guntayen da ake zubarwa kuma a yi allon suna ko marfin akwati da su. Ya rage ga mai shi.

Iyayenmu za su tuna da abin da ya faru a zamaninsu. Lokacin da aka fara tsarin ilmi na 6-3-3-4 a 1982, gwamnati ta sayo injinan koyon sana'a daga Turai aka rarraba wa makarantun sakandare. A wurare da yawa akwatunan ko buɗe su ba a yi ba, don babu ɗakin da za a kafa su, babu wuta, babu malamin da ya san kansu. Haka suka yi tsatsa. A jihar nan kuma, a 1977, an buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, aka nemo malamai aka zaɓo yara, ga shi nan likitoci da injiniyoyin da suka fito daga cikinsu sun cika ƙasa. Ɗaya an fara da ƙarfe, ɗaya an fara da mutum. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shawarata ga kafintocin garinmu ita ce su haɗa kai, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ai sun san adashi. In goma ko ashirin suka tara suka sayi inji ɗaya, suka kafa shi a shago na musamman nesa da ɗakunan kwana, a gefen da injinan casar shinkafa suke, inda ƙara ba baƙuwa ba ce, kowa sai ya kawo allonsa a sassaƙa masa ya biya ladan aiki, ya koma zaurensa ya ƙarasa da hannunsa. Haka muke yi da injin niƙa. Ba kowace mace ce take da shi a gida ba, amma kowace tana tuƙa tuwonta. Na Doguwa da na Kiru da na Bebeji ma za su gwammace su kawo nan da su kai Kano. A rubuta yarjejeniya a gaban masu gari, a ware kuɗin haƙora da na mai da na gyara tun kafin a raba riba, a sayi abin rufe hanci da kunne tun ranar farko. Kada kuma a biya mai sayarwa duka sai ya zo ya kafa, ya koyar, an ga aiki ya fito.

Mu kuma 'yan makaranta, namu ne babba. Na san da yawa daga cikin 'ya'yan kafintoci a ajinmu ba sa so a san sana'ar gidansu, kowa likita ko lauya yake so ya zama. Madalla, amma ba dukanmu za mu samu gurbi a Jami'ar Bayero ko ta Wudil ba, kuma wanda ya samu ma sana'a ba ta hana shi karatu. Ɗan kafintan da ya tashi cikin ƙamshin katako, ya kuma zo nan ya koyi lissafi da kwamfuta, shi ne mutumin da injin nan yake nema, ubansa kuwa ba zai same shi a kasuwa ba. 'Yan'uwanmu mata ma kada su ce ba ruwansu. Zanen a zaune ake yinsa, su ne suka san abin da amare suke so, kuma masu iya zanen lalle a cikinsu sun fi mu hannu nesa ba kusa ba.

Ina roƙon Shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai su duba ko za a sayo mana ɗan ƙaramin nan na kan tebur, a ajiye a ɗakin kwamfuta, a riƙa gayyato kafinta ɗaya daga gari ran Asabar ya koya mana halin itace, mu kuma mu nuna masa zane. Kafin a samu, ba sai mun jira ba. Tsofaffin soraye masu zane suna rushewa kowace damina, ana mai da su bulo. Duk wanda yake da irinsu a unguwarsu ya ɗauki hoto ko ya kwafa a takarda mai gida-gida. Wadda kakarta take da tsohuwar ƙwarya ko faifai ko tabarma mai ado, ta aro ta kawo mu auna mu zana, ta kuma tambayo sunan zanen da garin da aka yi shi. Za mu mayar mata da abinta lafiya.